Ƙwai Iri Ɗaya, Rabo Daban: Yadda Ake Samun Sarauniya Da Ma'aikata A Gidan Ƙudan Zuma Mai Gashi

 

Babu gidan da bai san zuma ba a cikinmu. Muna sha da fura, muna yin magani da ita, kuma mun san cewa Allah Ya sanya wa sura ta 16 ta Alƙur'ani mai girma sunan ƙudanta, wato Suratun Nahli, inda aka kawo labarinsa a aya ta 68 da ta 69. Wannan ƙuda da muka sani, mai zama cikin amya ko kogon itace, yana da dangi masu ɗimbin yawa, domin masana sun ƙidaya nau'in ƙudan zuma fiye da 20,000 a duniya, har da ƴar ƙaramar galla da ke damun idon manomi a lokacin zafi. A wannan fitowa mun zaɓi ɗaya daga cikin dangin nan na nesa, saboda wata tambaya da ta shafi kowane magidanci da kowace uwa: yaya ƴaƴa biyu na uwa ɗaya da uba ɗaya, a ɗaki ɗaya, ɗaya za ta tashi sarauniya, ɗaya kuma ma'aikaciya?

Wane Ne Burdo?

Faransawa suna kiransa bourdon, masana kuma suna ce masa Bombus. Mu a nan za mu riƙa ce masa burdo, ko ƙudan zuma mai gashi. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya ƙaddara wani ƙuda mai kauri kamar kan yatsa, jikinsa duk gashi mai laushi, baƙi da ratsin rawaya, ƙarshen jikinsa fari ko ja, mai ƙara mai kauri idan yana tashi. Gashin nan rigar sanyi ce, domin shi ɗan ƙasashen sanyi ne. Akwai nau'insa kimanin 250 a Turai da Asiya da nahiyar Amurka, kuma inda suka fi yawa shi ne duwatsun yammacin ƙasar Sin. A nahiyarmu ana samunsa a arewa kawai, kamar Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Kudu da Sahara babu shi. Ƙaton baƙin ƙudan nan mai ruri da ke huda sandunan rumfa da katakon rufin ɗakunanmu wani ɗan'uwansa ne daban, wanda ba shi da sarauniya da rundunar ma'aikata.

Burdo ba ya tara zumar da za a ɗiba a sayar; abin da yake ajiyewa na ƴan kwanaki ne kawai. Yana da harbi, kuma ƙarinsa ba ya maƙalewa a fatar mutum kamar na ƙudan amya, amma ba shi da saurin fushi. Babban bambancinsa da ƙudan amya shi ne gidansa ba ya shekara. Kowace shekara gida yakan ƙare ƙurmus, a sake kafa sabo daga uwa guda ɗaya. Za mu bi labarin nau'in da aka fi yin bincike a kansa, Bombus terrestris na Turai.

Gida Daga Uwa Guda

Kamar yadda gaiwa take binne kanta cikin laka ta jira damina, haka sabuwar sarauniya take tona ɗan rami a ƙasa ta kwanta tsawon lokacin sanyi, wata 6 ko fiye, ba ci ba sha, tana rayuwa da kitsen da ta tara. Idan sanyi ya fara saki, wajen watan Fabrairu zuwa Afrilu, sai ta fito ita kaɗai. Ba ta da miji, domin ya mutu tun bara, ba ta da bara ko baiwa. Sai ta nemi tsohon ramin kusu da aka bari, ta gyara shimfiɗar ciyawar da ke ciki, ta ƙera ƴar tukunya da kakin da ke fita daga jikinta ta cika ta da ruwan fure, sa'an nan ta dunƙula garin fure ta saka ƙwai 8 zuwa 16 a kai, ta lulluɓe da kaki.

Daga nan sai ta hau kwanci kamar kaza. Tana kaɗa naman ƙirjinta ba tare da ta motsa fukafukai ba, ɗumin da ke fitowa ya riƙe ƙwan a wajen digiri 30, ko da kuwa a waje raɓa tana daskarewa. Idan abinci ya ƙare dole ta fita ta nemo, ta dawo da sauri kafin ƴaƴan su huce. Bayan kamar kwana 4 ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsotsi su fito. Kowace tsutsa tana wuce matakai 4 na girma, tsakanin mataki da mataki tana saɓa kamar maciji, har tsawon mako 2 ko ƙasa da haka kaɗan. Sa'an nan ta saƙa wa kanta ƙunshi na siliki ta kwanta ciki wani mako 2, ta fito cikakken ƙuda. Daga ƙwai zuwa tashi, mako 4 zuwa 5 ke nan.

Ƴaƴan farko duk mata ne, duk ƙanana ne, duk ma'aikata ne. Da zarar sun kama aiki, uwa ta daina fita, ta zauna ga saka ƙwai. A gida mai albarka ma'aikata sukan kai 300 ko 400 kafin ƙarshen shekarar. Da mun so gaskiya, da uwa za mu kira ta, domin wadda ake ce wa sarauniya ita ta yi dakan farko, ita ta yi renon farko.

Mace Ko Namiji

Mataki na farko na rabo yana faruwa tun wajen saka ƙwai. Sarauniyar wannan nau'i sau ɗaya take saduwa da namiji a duk rayuwarta, ta ajiye maniyyinsa cikin wata ƴar jaka a cikinta. Idan ƙwai zai fita ta sakar masa maniyyi, mace za a samu. Idan ya fita haka nan, namiji za a samu. Saboda haka namijin ƙudan zuma yana da uwa da kaka, amma ba shi da uba. Wani limamin kirista mai kiwon zuma a yankin Silesiya, Johann Dzierzon, shi ya bayyana wannan a shekarar 1845 game da ƙudan amya, daga baya aka tabbatar haka abin yake ga burdo da rina da tururuwa.

Amma ƙwan da zai zama sarauniya da wanda zai zama ma'aikaciya iri ɗaya ne. Babu ƙwan sarauta, babu ƙwan talaka. Duk ƙwan mace yana ɗauke da yiwuwar zama ko wannan ko waccan, kuma abin da ya same shi bayan ƙyanƙyashewa shi ke raba hanya. Sakamakon kuwa ba ƙarami ba ne. Sarauniya takan kai milimita 20 zuwa 22 a tsawo, ma'aikaciya 11 zuwa 17. Sarauniya tana tara kitse, tana aure, tana jure sanyi, tana rayuwa kusan shekara guda. Ma'aikaciya ba ta aure, kuma ƴan makonni kawai take yi a duniya.

Kwanakin Farko Masu Yanke Hukunci

Masu kiwon zuma sun san cewa a amya akwai wani abinci fari mai kauri da ma'aikata ke fitarwa daga jikinsu, wanda ake ɗura wa tsutsar da za ta zama sarauniya cikin ɗaki na musamman, har ta fito cikin kwana 16, alhali ma'aikaciya sai ta yi 21. A gidan burdo babu wannan abinci. Binciken da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a shekarar 2000, ya nuna cewa haɗin garin fure da ruwan fure da ake ba tsutsar sarauniya shi ne ake ba ta ma'aikaciya da ta namiji. Tukunya ɗaya ce. To ina bambancin yake?

Wani masani Bajamushe, Peter-Frank Röseler, ya buga amsar farko a shekarar 1970, bayan ya kwatanta nau'i biyu. A nau'in Bombus hypnorum, mai yin gida a kogon itace, ya ga cewa yawan abinci ne ke yanke hukunci, kuma a matakin ƙarshe na tsutsa. Idan gida ya cika da ma'aikata, masu reno suka yi yawa a kan kowace tsutsa, sai ta ƙoshi sosai ta zama sarauniya. Idan hannuwa sun yi kaɗan, ta tsaya ma'aikaciya.

A nau'in Bombus terrestris kuwa hukuncin yana zuwa da wuri ƙwarai, cikin kwana 3 zuwa 5 na farkon rayuwar tsutsa. Muddin uwar gida tana cikin ƙarfinta, kasancewarta kusa tana aika wata alama da ke sa ƴaƴan su bi hanyar ma'aikata, kuma tsutsar da ta wuce kwanakin nan a ƙarƙashin wannan alama ba ta sake zama sarauniya, ko da an cika ta da abinci daga baya. Tsutsar da aka raba da uwa tun kafin lokacin, ko wadda aka ƙyanƙyashe bayan uwa ta daina aika alamar, ita ce ƙofar sarauta ke buɗe mata, in har ta sami isassun masu ciyar da ita.

Binciken da ya biyo baya ya gano abin da ke gudana a cikin jiki. Akwai wani sinadari a jinin ƙwari da masana ke kira sinadarin ƙuruciya, wanda aikinsa shi ne riƙe tsutsa a matsayin tsutsa. A jikin wadda za ta zama sarauniya wannan sinadari yana hawa sama sosai, saboda haka kowane mataki na girmanta yana ƙara tsawo. Ƙarin kwanaki ƙarin ci ne, ƙarin ci kuma ƙarin jiki, har ta ninka ƴar'uwarta nauyi sau biyu ko fiye. Ita ma'aikaciya an gaggauta ta ne, domin gida yana bukatar hannu yanzu. Sarauniya kuwa an jinkirta mata, domin aikinta na baɗi ne.

Hikimar wannan tsari a fili take. Da gida ya fara renon sarauniyoyi tun farkon shekara, da babu masu ciyar da su. Da kuma ya jinkirta har furanni suka bushe, da shekara ta ƙare babu magaji. Dole sai an tara ma'aikata tukuna, sa'an nan a zuba dukiyar gida duka a kan masu ɗaukar zuriya zuwa gaba.

Tsakiyar Ɗaki Da Gefen Ɗaki

Ko tsakanin ma'aikatan kansu akwai wani abin lura. A gida ɗaya, babbar ma'aikaciya takan ninka ƙaramar nauyi har kusan sau 10, alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Masu bincike a jami'ar Arizona ta Amurka sun bi diddigin wannan a nau'in Bombus impatiens, suka buga sakamakon a shekarar 2009. Abin da suka gani shi ne masu reno sun fi taruwa a tsakiyar gida, don haka tsutsar da ke tsakiya tana samun ɗura a kai a kai, wadda ƙaddara ta ajiye a gefe kuwa sai jefi-jefi. Ba wanda ya ƙi ta. Wurin kwanciyarta ne ya yi nisa da idon masu rabo.

Manyan ma'aikata su suka fi fita kiwo, domin sun fi ɗauko kaya da jure sanyin safiya. Ƙananan sun fi zama a gida wajen reno da gyara. Sa'an nan waɗannan masu bincike suka ƙara gano cewa idan abinci ya yanke, ƙananan sun fi manyan jure yunwa. Ashe wadda aka raina tana da ranarta.

Ƙarshen Gida

Idan shekara ta yi nisa, uwa takan juya ta fara saka ƙwan maza, a daidai lokacin da ake renon sababbin sarauniyoyi. Masana biyu na jami'ar Utrecht, Marie José Duchateau da Hayo Velthuis, sun bayyana a shekarar 1988 abin da ke biyo baya. Kimanin wata guda bayan fitowar ma'aikatan farko, zaman lafiya yakan ƙare. Ma'aikata ma suna da mahaifa, sai dai ba ta aiki muddin uwa tana da iko. Yanzu sai wasu daga cikinsu su fara saka nasu ƙwai, wanda maza kaɗai yake bayarwa tun da ba su yi aure ba. Uwa ta bi tana cinye ƙwansu, su ma suna cinye nata, ana ture-ture da cizo, wani lokaci har a kashe ta. Duk da haka mafi yawan mazan da ke fita daga gidan ƴaƴanta ne.

Maza su bar gida ba su komowa, ba su da harbi, ba su tara abinci. Sababbin sarauniyoyi su ci su yi kitse, su yi aure, kowacce ta tona raminta. Tsohuwar uwa da ma'aikata da maza duk su mutu kafin sanyi ya kankama. Abin da ya rage na gidan duka shi ne waɗannan ƴan mata da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Abin Da Ya Haɗa Mu Da Shi

Furen tumatir ba ya sakin garinsa sai an girgiza shi. Burdo yakan kama furen ya yi ruri da ƙirjinsa har garin ya zubo, abin da ƙudan amya ba ya iyawa. A shekarar 1985 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Beljiyam, Roland de Jonghe, ya lura da amfanin wannan a rumfunan gilashi da ake noman tumatir, ya kafa kamfanin Biobest a 1987. Yau ana kiwon burdo cikin akwatuna ana sayar wa manoma a ƙasashe da yawa, har da Maroko. Kai shi inda ba ƙasarsa ba yana da haɗari: an shigar da nau'in Turai ƙasar Chile a 1997, ya bazu har Ajantina, ƙaton burdo ɗan asalin yankin ya ragu ƙwarai. Mu a lambunanmu Allah Ya hore mana masu wannan aiki kyauta, cikinsu har da baƙin ƙudan nan mai huda katako, wanda yake ziyartar furen tumatir da gauta da wake. Kafin yaro ya kai masa duka da takalmi, a gaya masa aikin da yake yi mana.

Akwai kuma gargaɗi. A shekarar 2012 masana a jami'ar Stirling ta Birtaniya suka ba wasu gidajen burdo abinci mai ɗan kaɗan na maganin ƙwari imidacloprid, gwargwadon abin da ake samu a furen gonar da aka sa wa maganin, na tsawon mako 2, sa'an nan suka sake su a fili. Ƙudan ba su faɗi sun mutu nan take ba, amma gidajen ba su yi girma yadda ya kamata ba, kuma sababbin sarauniyoyin da suka fitar sun ragu da kashi 85 cikin 100. Gida yana nan ana shiga ana fita, amma baɗinsa ya tafi. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wannan magani da wasu biyu danginsa a fili. Ire-irensa suna shigowa kasuwanninmu, kuma suna ratsa jikin shuka har cikin fure. Saboda haka mai lambu ya nemi shawarar malamin gona kafin ya saya, ya guji feshi lokacin da shuka take fure, in ya zama dole ya yi da yamma bayan ƙudan sun koma.

Abin Da Za Mu Ɗauka Zuwa Gida

Ɗan Adam ba ƙwaro ba ne, kuma ba daga gidan burdo muke karɓar hukunci ba. Amma Allah Ya umurce mu da yin tunani cikin halittarSa, kuma abubuwa uku sun tsaya mana a rai.

Na farko, nauyin kwanakin farko. Likitoci suna magana a kan kwana 1,000 na farkon rayuwar yaro, daga shigar ciki zuwa cikarsa shekara 2. Tsumburewar da rashin abinci mai gina jiki ta jawo a wannan lokaci tana da wuyar gyaruwa daga baya, a jiki da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2, kuma shekara biyun nan ita ce aka ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233, inda aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Maigida da ke cin tsire a bakin titi alhali mai ciki da mai goyo suna kwana da kunu tsura, ya sake lissafi. Wake da gyaɗa da zogale da ƙwai da nono ba su fi ƙarfin yawancinmu ba. Tun da zancen zuma muke, mu tuna cewa likitoci sun hana a ba jariri zuma kafin ya cika shekara 1, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Na biyu, gefen ɗaki. A gidajenmu ma akwai tsakiya akwai gefe. Akwai ɗan mowa akwai ɗan bora, akwai maraya, da agola, da ƴar riƙo da aka kawo daga ƙauye, wadda take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa. Sau da yawa ba mugunta ba ce take hana su rabo, ido ne kawai ba ya kaiwa inda suke. Ƙudan zuma ba za a tambaye shi ba, mu kuwa za a tambaye mu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir (RA) ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya je neman Manzon Allah (SAW) ya shaida. Da Annabi ya ji cewa sauran ƴaƴan ba su sami irinta ba, sai ya ƙi shaidawa, ya umurce shi da tsoron Allah da yin adalci tsakanin ƴaƴansa. Yau da dare, idan an ajiye akushi, mu duba wane ne yake zaune nesa da shi. Idan lokacin sayen littattafan makaranta ya zo, mu duba sunan wa aka manta.

Na uku, inda muka rabu da burdo. Tsutsar da ta wuce kwana 5 an rufe mata ƙofa har abada. Ɗan Adam kuwa, ko da yake icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙofar ilmi da tuba da ɗaukaka ba ta rufuwa gare shi muddin yana numfashi. Bilal (RA) bawa ne a Makka, ya zama ladanin Manzon Allah (SAW). Ata'u ɗan Abi Rabah baƙin mutum ne, ba ɗan sarauta ba, ya zama mai ba da fatawa ga mutanen Makka a zamanin tabi'ai. Wanda yake hana ƴarsa auren mutumin kirki don wai kakansa maƙeri ne ko bawa, ya tuna cewa ko a gidan da ake da sarauniya ta gaske, ƙwai iri ɗaya ne.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci tsakanin waɗanda Ya ba mu amanarsu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa albarka a gonakinmu da lambunanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.